Alwalar Aina'u

Duk wanda ya bi ta Sharada a shekarar 2005 ya san fuskar Aina'u, ko da bai taɓa zama gaban bidiyo ba. Ga ta nan a saman get ɗin kamfanin Alhaji Gwadabe, a jikin allon da ya kai girman ɗaki, fara sol, tana murmushi da kwalba a hannu. A ƙasa an rubuta: Man Ƙyalli, sirrin Aina'u. 'Yan acaɓa sun manna ta a tankin mai, 'yan mata suna kai hotonta wajen tela, akwai ma wanda ya rantse ya yi wata uku yana ganinta a mafarki.

Babu mai kallon ƙasan allon. A nan kwatar kamfanin take fitowa, ruwa mai kauri, yau shuɗi gobe ruwan hoda, yana kumfa yana wani ƙauri da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro. Ko awakin unguwa ba sa kusantarsa. Ni dai duk sanda na wuce wurin sai na tofar da yawu, kuma ba don kwatar kaɗai ba.

A bayan katangar kamfanin, cikin wani ɗakin haya, mai fuskar tana zaune a kan bokiti kife, ƙofa a sakace. Rifkatu na tsugune a gabanta da gwangwanin fankeke. Tare suka tashi a gidan haya ɗaya a Panshekara, lokacin iyayensu maza suna aikin jima a wani kamfanin fata a Challawa. Yanzu Rifkatu, 'yar Zonkwa, tana sashen ɗura mai a kwalba a kamfanin Alhaji Gwadabe. Duk faɗin Kano ita kaɗai ta san abin da ke ƙarƙashin kwalliyar Aina'u.

Abin ba daɗin gani. Kumatun biyu sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, gefensu ja, jijiyoyi kore sun fito raɗau a kan fatar da ta yi sirantar ledar biredi. Goshin kuwa ƙuraje ne masu ruwa. Shekara uku ke nan da wani furodusa, Alhaji Ashafa, ya dubi baƙar yarinyar nan kyakkyawa ya ce mata kyamara ba ta son baƙa. Ta fara shafa man, ta yi fari, ta yi suna, kamfanin ya ɗauke ta talla. Da fatar ta fara ƙonewa ta gwada dainawa, abin ya ninka. Sai ta ci gaba.

"Kin yi alwalar?" in ji Rifkatu.

"Na yi. Na yi Azahar ma. Yanzu sai in riƙe ta har La'asar. Ko ruwa ba zan sha ba."

"Gara dai. Don ni da ba musulma ba ma na san mace ba ta wata guda tana fashin sallah. Zuwa na farko kin ce mata kina fashi, bayan kwana goma kin sake cewa kina fashi. Matar nan ba yarinya ba ce, Aina."

Aina'u ta miƙa mata fuska. Matar nan ita ce Hajiya, matar Alhaji Gwadabe, mahaifiyar Muhyiddeen, saurayin Aina'u. Wata takwas Muhyiddeen ya yi yana fama da ita kan maganar auren, tana cewa ita ɗanta ba zai kwaso mata 'yar fim ba, 'yan fim ko gabas ba su sani ba. Da ƙyar ta yarda a kawo yarinyar sau uku ta gan ta da idonta. In ta gamsu, ƙannen Alhaji za su je neman aure. Yau ne na uku.

"Kin san abin da ya fi ci min rai?" Aina'u ta ce, muryarta na rawa. "Duk masana'antar fim an gama yarda ba na sallah. A wurin ɗaukar fim kowa ya ɗauki buta, ni in shige mota in ce kaina ke ciwo. Sai na koma gida na kulle ɗaki, in wanke, in haɗa Azahar da La'asar da Magariba ina kuka. Shekara uku, Rifkatu. Na zaɓi a ce min kafira da a ga fuskata."

"Kada ki yi min kuka yanzu, za ki ɓata min aiki."

Ta ɗaga kai sama ta mayar da hawayen. Wannan ita ce matar da rabin Kano ke kuka in ta yi kuka a fim, ga shi nata na gaskiya ba ta da izinin zubarwa.

Rifkatu ta ci gaba da danna soso. "Mu da muke ɗura man nan safar hannu ake ba mu. Sufabaiza ya ce duk wadda ta bari ya taɓa mata fata, ita ta sani. Ki faɗa wa Muhyiddeen gaskiya kawai. In ya gudu, Labaran majemi na nan. Jiya ma ya tare ni a bakin titi yana tambayarki. Shi dai da baƙinki ya san ki, da baƙinki ya so ki."

Aina'u ta yatsine baki. "Labaran da ke warin fata?"

"Warin da ya ciyar da ke har kika girma? Haba Aina."

Ni ma da na ji wannan magana sai da raina ya sosu. Tausayinta nake ji, amma ba zan ɓoye muku ba, shekara ukun nan ba fatarta kaɗai suka taɓa ba.

Ƙarfe biyu da rabi Muhyiddeen ya zo a baƙar Honda. Ta fito da gyale mai duwatsu, fuska sumul kamar ta allon. Yana ganinta ya dafe ƙirji.

"Tubarkalla. Aina, kullum sai in ce yau ce ƙarshen kyau, gobe ki ƙaryata ni."

Ta yi murmushin da ta saba, wanda ba ya motsa kumatu sosai don kada fankeken ya tsage. Sun kama hanyar Bompai, ya ƙure sanyin mota kamar yadda take so, shi a zatonsa gayu ne. Sai da suka wuce shataletalen Dangi ta yi ƙarfin hali.

"Muhyi, in wata rana fuskar nan ta tafi fa?"

"Ta tafi ina?"

"Ciwo. Ko wuta. Komai na iya faruwa."

Ya yi dariya yana buga sitiyari. "Wallahi tallahi ko wuta ce ta cinye ta, ke nake so. Ni halinki na gani. Kin taɓa ji na yi miki rantsuwar banza?"

Ba ta taɓa ji ba. Gaskiya ne ya yi wata takwas yana tsayawa a gaban uwarsa saboda ita, har sai da Hajiya ta yi sati biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Shi ya sa maganar ta shige ta.

Da suka shiga harabar gidan ya kashe mota, ya dubi hannunta a kan cinya. Bai taɓa taɓa ta ba. Yau sai ya ɗora hannunsa a kan nata ya matse.

"Kada ki ji tsoro. Yau za a gama."

Wani abu ya tsarga mata tun daga yatsu har tsakiyar kai. Ta lumshe ido, ba ta janye ba. Ba wanda ya lura da labulen bene da ya motsa.

Falon Hajiya ya sha kafet da kujeru masu ruwan zinare. A bango, sama da talabijin, ga kalandar kamfanin, Aina'u a jiki tana riƙe da kwalba. Hajiya na kishingiɗe da carbi. A gefenta Hadiza ce, 'yar ƙaninta da ta gama jami'a bara, wadda kowa ya san ita Hajiya ke wa ɗanta tanadi. Baƙa ce, fatarta luwai, ko hoda babu.

Aina'u ta durƙusa har ƙasa. "Barkanku da yamma, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Tashi ki zauna, 'yar talla."

Aka kawo dambun nama da zoɓo mai ƙanƙara. Aina'u ta ce ta ƙoshi. Hajiya ta tambayi labarin mahaifinta, ta tambayi wane kamfani ya yi wa aiki, da aka ce na fata ta sa gefen mayafi ta shafi hanci, kamar warin ya biyo amsar. Muhyiddeen na daga can kujera yana ta cusa labarin da ba a tambaye shi ba. Haka aka yi awa guda ana jan magana.

Sai ladan ya kira La'asar.

Hajiya ta ajiye carbi. "To, yau kuma fashin ne?"

"A'a Hajiya, zan yi. Ina da alwala."

"Tun yaushe?"

"Tun Azahar."

"Ikon Allah." Hajiya ta gyara zama, ta dubi ɗanta, ta dawo da ido kan Aina'u. "Ni kuwa ina bene ɗazu, na ga wani ya riƙe wa wata hannu a mota. Mu dai a Islamiyyarmu an karantar da mu cewa in namiji ya taɓa mace ta ji daɗin taɓawar a ranta, alwala ta tafi. Ko a fim an canza?"

Muhyiddeen ya sunkuyar da kai. "Hajiya, don Allah..."

"Ba da kai nake ba. Ke nake tambaya, tsakaninki da Allah. In ba ki ji komai ba, alwalarki na nan, ga darduma can. Sai mu san yaron nan shi kaɗai yake haukansa. In kuwa kin ji, Hadiza ta kawo miki buta."

Tir da irin wannan wayo. Ta ɗauki addini ta yi tarko da shi, tana jan carbi da hannu ɗaya. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni ƙyama kamar murmushin da ke bakin matar nan a lokacin ba.

Aina'u ta juya ta dubi Muhyiddeen. Ya ɗago, idonsa a kanta, yana jira kamar yaron da ke jiran sakamakon jarrabawa. Kalma biyu kawai za ta faɗa ta tsira da fuskarta. Ta yi ƙarya a fim sau ɗari, ta yi wa 'yan jarida, ta yi wa Hajiya sau biyu. Amma wannan ƙarya ce da za ta tsaya da ita gaban Ubangiji babu tsarki, bayan ta ce wa mutumin da take so ba ta ji komai ba.

"Na ji, Hajiya," ta ce a hankali.

Fuskar Muhyiddeen ta washe. Wawa, daɗi ya ji.

"Madalla. Hadiza, buta da roba. Famfon banɗakin baƙi ya lalace, ta yi a nan."

Famfon lafiyarsa ƙalau, kowa a falon ya sani. Hadiza ta kawo buta da farar roba ta ajiye a bakin kafet, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Aina'u ta cire zobba da agogo. Ta tsuguna. Ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta shaƙa ruwa. Ta cika tafukanta ta tsaya, ruwan na zuba ta tsakanin yatsu.

"Bismillah mana," in ji Hajiya. "Kuma sai ruwa ya taɓa fata."

Ta watsa. Ta cuɗa. Ruwan da ya sauka a robar ya yi kauri kamar kunun da aka dama da jar ƙasa. Ta sake na biyu, girar da aka zana ta bi ruwa. A na uku babu abin da ya rage. Ta ƙarasa alwalarta daki-daki har ƙafa, ba ta yi sauri ba, sannan ta miƙe ta juyo.

"Innalillahi!" Hadiza ta toshe baki.

Hajiya ta ja baya har carbinta ya faɗi. Ita abin da ta shirya kamawa daban, yarinyar da ba ta iya alwala ba. "Wa'iyazubillahi! Mene ne wannan? Kuturta ce? Ke, a kofin wa kika sha ruwa zuwan farko?"

"Ba kuturta ba ce, Hajiya." Hawayen da aka hana tun rana suka ɓalle, suna bi ta kan baƙin tabon suna mata zafi. "Manku ne. Man Ƙyalli. Shekara uku ina shafa shi safe da yamma. Shi ya sa ba na alwala a gaban mutane. Ban taɓa barin sallah ba, Allah ne shaidata. Fuskar nan nake ɓoyewa."

"Ƙarya kike!"

"Hadiza tana shafawa?"

Hajiya ta yi tsaki. "Allah ya kiyaye. Man nan ko ƙofar gidana ba ya shigowa. Na 'yan talla ne da 'yan ƙauye masu son su zama Larabawa. Wa ya aike ki? Ke ba ki da hankalin da za ki riƙe kwalba a yi miki hoto ki ajiye?"

Ta faɗa ne ko a jikinta, a zaune kan kujerar da man ya saya, ƙarƙashin rufin da man ya gina. Sai da maganar ta fita ta ga yadda Hadiza ke kallonta.

Aina'u ba ta ƙara bi ta kanta ba. Ta taka zuwa gaban Muhyiddeen. Tun da ta juyo ya kau da kai. Yana tsaye, ya zura wa kafet ido.

"Muhyi."

Bai ɗago ba.

"Ɗazu a mota ka yi min rantsuwa. Ba wuta ba ce, amma ga shi ta tafi. Ni ce dai. Muryata ce, hannun da ka riƙe ne. Na so in faɗa maka sau ba adadi, tsoro ya hana ni. Ka yafe min wannan. Amma ka dube ni."

"Aina..." ya ce. "Za a gyara. Akwai likitoci a Masar. Zan fitar da ke a ɓoye, wata shida, shekara ma. Kafin nan kada kowa ya ji. Kin san in maganar nan ta fita, kamfanin Baba..."

"Ban tambaye ka Masar ba. Cewa na yi ka dube ni."

Ya ɗago kai a hankali. Ta ga idonsa ya taso, ya zo daidai haɓarta, ya kauce, ya wuce ta saman kafaɗarta ya tsaya. Ba sai ta waiwaya ba. Ta san abin da ke bangon bayanta. Kalandar yake kallo, yana hawaye.

Wani abu ya taso mata daga ciki, ɗaci-ɗaci, irin ƙaurin kwatar Sharada. Ta rasa wa take ƙyama. Shi ne, ko uwarsa, ko Alhaji Ashafa, ko waccan farar da ke murmushi a bango, wadda ɗazun nan ta raina mutum don yana warin aikin ubanta.

Hon ya karaɗe harabar gidan. Hadiza ta leƙa taga.

"Hajiya, Baba ne. Da su Baffa Sani, mota biyu."

Alhaji Gwadabe ne da ƙannensa. Muhyiddeen da kansa ya roƙe su su biyo bayan La'asar, don in Hajiya ta amince a tsayar da ranar zuwa neman auren nan take. Ta falon nan za su shigo.

"Shigar da ita ciki!" Hajiya ta miƙe tana tattare zani. "Hadiza, ɗauke robar nan! Kai kuma ka tsaya kamar gunki, so kake Alhaji ya ga wannan abin da baƙi?"

Muhyiddeen ya zabura. Ya cafki hannun Aina'u, hannun ɗazu, ya ja ta wajen ƙofar ɗaki, kansa a juye gefe.

"Zo, don Allah zo. Akwai hodar Hajiya a ciki, ki ɗan shafa kafin..."

Ba ta motsa ba. Ta sunkuya ta dubi yatsunsa a kan fatarta. Ta ba shi lokaci, ta ba kanta lokaci, tana saurare ko wani abu zai tsarga kamar ɗazu. Hannu ne kawai, mai gumi, mai sanyi.

Ta zare nata a hankali.

"Hajiya," ta ce, muryarta ta daina rawa, "kun gani ya sake taɓa ni. Tsakanina da Allah, wannan karon alwalata na nan."

Ta ɗauki hijabin da aka ajiye a kan darduma ta zura, ya zagaye fuskar ya fito da ita fili. Ta shimfiɗa dardumar a tsakiyar falon, ta fuskanci gabas, inda ƙofar shigowa take. Ana jin takun manyan mutane a baranda da muryar Alhaji Gwadabe yana tambaya ina amaryar tasu, ina sirrin kamfani.

Hannun ƙofa ya murɗa. Aina'u ta ɗaga hannuwanta biyu ta kabbara.